Tafiyata Maraɗi da Foldodin Masara

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a wurin mai shayin bakin tashar Ikara a tare ni, a ofis kuwa ba a magana. Wani ya ce ya ji an tsare mu a boda, wani ya ce ya ji kwamfutata ta ƙone. Babu ɗaya da ya faru a cikin biyun. Don haka na ga gara in zauna in rubuta yadda tafiyar ta kasance tun daga farko, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru, malamin gona ne ni a Ikara. A daminonin da suka wuce, ni da wasu abokan aiki mun yi ta zagaya gonakin masara a Ikara da Maƙarfi da Kudan muna ɗaukar hoton ganye, mai lafiya da wanda tsutsa ta ci. Wata cibiyar binciken noma da ke Maraɗi ce ta nemi hotunan. Suna koya wa wata manhajar waya yadda za ta gane tsutsar masara, manomi ya haska ganye da wayarsa ta gaya masa ko tsutsa ta shiga, tun ɓarnar ba ta yi nisa ba. Manhajar kuwa ba ta gane abin da ba a taɓa nuna mata ba. In ba a sa masararmu a ciki ba, za ta san ta wasu garuruwa ta jahilci tamu. Ni na tattara hotunan duka a faifan ajiya na kwamfuta, wanda mu a nan muke kira hadis, kowace gona da foldarta, kowace ziyara da tata. Shi ya sa da gayyatar taro ta zo daga cibiyar aka ce ni zan je, tare da Malam Garba na Likoro, wanda ya girme ni a shekaru da aiki.

Na bar Ikara bayan asuba, muka bi ta Gubuci muka shiga Maƙarfi, daga nan na canza mota zuwa Hunƙuyi inda muka yi da Malam Garba zai jira ni. Tun daga nesa na hango shi tsaye kusa da wani dami na rake da ya fi shi tsawo.

Bayan mun gaisa na ce, "Malam, ƙaura za mu yi ne?"

Ya ce, "Kai za ka je garin mutane hannu rabbana? Raken ƙasarmu ne, ba su da irinsa."

Direba ya yi ta ƙorafi, amma Malam Garba ba a ja da shi a kan abin da ya ƙudurta. Aka ɗaure raken a saman mota muka kama hanyar Ɗanja da Malumfashi. Duk ramin da muka faɗa sai ya leƙa ta taga ya ga ko daminsa na nan. Ni kuma hannuna na kan jakata, ina taɓa faifan. Kowa da abin da yake tsaro.

A Katsina muka shiga motar Jibiya. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, wadda ta ce ta fi sanin hanyar Maraɗi da ta gidan iyayenta. Ita ta ba mu shawara cewa in mun tsallaka, mu fara gaishe da jami'i kafin mu miƙa masa takarda, kuma kada mu ɗaga murya ko da muna da gaskiya. Ta ce, "Mutanen can ba sa son hayaniya. Mu namu ne ke ganin in ba a yi ihu ba ba a yi magana ba."

Da muka isa boda, a ɓangarenmu ba mu daɗe ba. A nasu ɓangaren, wajen Ɗan Isa, wani jandarma dogo ya buɗe jakata ya ciro faifan yana juya shi.

Ya ce, "Mine ne wanga?"

Na ce, "Hadis ne, ranka ya daɗe."

Ya dube ni ya dubi faifan. Ya ce, "Hadisai ne ciki? Na wane malami?"

Sai da na buɗe kwamfuta na jona na nuna masa. Da ya ga hoton farko, na ganyen masarar da tsutsa ta ci, ya ja kujera ya zauna. Ya ce gonar mahaifinsa a wajen Madarunfa haka ta yi bara, sak. Ya tambayi abin da ake yi. Ai kuwa ya taɓo Malam Garba inda yake masa ƙaiƙayi. Ya tsuguna ya shiga yi masa bayanin yadda ake duba tsakiyar masara da sanyin safiya tun tana gwiwa, da yadda ake zuba toka da yashi a ciki in an ga kashin tsutsar. Direba na ta danna hon, fasinjoji na tsaki, jandarma na rubutawa a tafin hannunsa. Da za mu tafi Malam Garba ya zaro masa rake guda. Ya girgiza kai ya ce ba ya karɓar komai a bakin aiki, abin da muka ba shi ya isa. Wannan ya burge ni ƙwarai. Malam Garba kuwa ya ɗan ji haushi, ya ce an raina masa rake.

Mun shiga Maraɗi rana ta yi sanyi. An sauke mu a masaukin cibiyar, ɗakuna ne a jere masu tsabta, da wata babbar bishiyar bedi, wato dogon yaro, a tsakar gida. Mai kula da wurin ya tarbe mu da fara'a, ya karɓi jakata ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe Nasiru."

Na yi turus. Na dubi Malam Garba, shi ma ya dube ni. A garinmu mushe dabba ce da ta mutu ba a yanka ba, kuma ban ga abin da na yi wa bawan Allahn nan ba. Sai daga baya muka gane cewa a can kalmar girmamawa ce da suka aro daga Faransanci, ita suke kiran malamin makaranta da ma'aikaci da ita. Har muka dawo Malam Garba bai yarda an kira shi da ita ba. Duk wanda ya fara sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam dai ya wadatar."

Abu na biyu da ya ba ni matsala shi ne soket. Nasu ramuka biyu ne zagayayyu, cajata kuma mai baki uku ce irin tamu. Na zagaye ɗakin ban ga inda za ta shiga ba. Na ce gobe na nemi abin haɗawa a kasuwa, goben kuma ba ta ba ni fili ba.

Abinci kam ba mu da abin cewa. Da safe dogon burodi ne mai ɓawo, wanda in ka gutsura sai ya zubo maka a riga. Da rana dambu da kwaɗon zogale da suke kira kopto, da yamma tuwon gero. Furarsu ta fi tamu kauri da ƙanshin kayan yaji, faɗin gaskiya ne, ko da matan Ikara za su ji haushina. Shayi kuma ba a gaggawarsa. Ana dafa shi a 'yar buta kan gawayi, a sha na fari mai ɗaci, a jira na biyu, a jira na uku, hira na tafiya. Agogonsu ma daban yake. Ranar farko aka ce mu dawo zauren taro ƙarfe sha biyar. Malam Garba ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin agogo mai sha biyar ba. Ashe ƙarfe uku na rana ake nufi.

A taron akwai mutanen Damagaram da Tawa da wasu daga arewacin Benin. Wadda ke shugabantar sashen kwamfuta ita ce Madam Balkisa, 'yar Maraɗi ce da ta yi karatu a Yamai da Dakar. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta ɗaga murya, amma in ta fara bayani zauren kan yi tsit. Na lura ba ta taɓa ce wa mutum tambayarsa ba ta da ma'ana. Sai ta maimaita tambayar a hankali, kamar ita ma yanzu ta fara tunaninta, sannan ta amsa.

Ranar da ta rage kwana ɗaya mu taso, kowa ya miƙa faifansa a loda hotuna a babbar kwamfutar cibiyar. Na Damagaram ya shiga, na Tawa ya shiga. Aka jona nawa, allo ya cika da jan rubutu. Aka sake gwadawa, haka. Na ɗauka ramukan hanyar Ɗanja sun lalata faifan.

Madam Balkisa ta duba ta ce, "Mushe Nasiru, hotunanka lafiyarsu lau. Sunayen foldodin ne. Ka bar tazara tsakanin kalmomi, manhajar lodinmu kuwa in ta ga tazara sai ta ɗauka suna ya ƙare. In ka ce mata Likoro Gabas, sai ta tafi neman Likoro ta rasa, ta dawo ta tafi neman Gabas ta rasa. Sai an cire tazarar."

Kafin ta ƙarasa aka kira ta ofishin shugaban cibiyar. Mataimakinta ya gaya mini cewa gobe da safe za a tura duk abin da aka loda zuwa Yamai, kuma abin da bai shiga ba sai wata shekarar.

Na san yawan foldodin nan, ni na ƙirƙire su. Kowane ƙauye da unguwanninsa, kowace unguwa da gonakinta, kowace gona da ziyarce-ziyarcenta, folda cikin folda kamar albasa. Na tuna ranakun da muka sha rana a kunyoyi, da manoman da suka bar aikinsu suka zagaya da mu saboda mun ce musu abin zai amfane su. Da me zan koma in gaya musu? Tazara ce ta hana?

Da aka tashi cin abincin rana, kowa ya fita, ni na zauna. Kwamfutata ba caji, sai na hau ɗaya daga cikin nasu na fara gyara sunayen ɗaya bayan ɗaya. A nan na gamu da wani sabon abu. Madannan kwamfutarsu ba a jere suke irin namu ba. Inda na saba samun A sai in sami Q, M ta yi ƙaura zuwa wani wuri, lamba kuma sai ka haɗa da wani madanni kafin ta fito. Ina cire tazara ina ɓata suna, in koma in gyara. Malam Garba ya kawo mini dambu a kwano ya zauna kusa da ni yana kallo. Can ya ce, "Nasiru, a haka sai masarar baɗi ta yi goyo ba ka gama Kudan ba."

Gaskiya ya faɗa, amma na ci gaba da gyara.

Muna haka Madam Balkisa ta shigo ɗaukar jakarta. Ta tsaya a bayana ta ɗan kalli abin da nake yi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Laifina ne, na gaya maka ciwon ban gaya maka maganin ba. Ci abincinka tukuna."

Ta ja kujera. Abu na farko da ta yi shi ne kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani wuri. Ta ce ba ta taɓa taɓa sunan abin da ba ta da kwafinsa ba, ko da minti ɗaya ya rage mata. Muka jira har ya gama. Sannan ta buɗe wata 'yar manhaja wadda aikinta kawai canza sunaye da yawa a lokaci guda. Ta jawo babbar foldar ta jefa a ciki, ta zaɓi cewa foldodi kawai za a taɓa ban da hotuna, kuma har da na can ciki. Akwai akwati biyu a ƙasa, ɗaya na abin da za a nema, ɗaya na abin da za a sa a madadinsa. A na farko ta danna tazara sau ɗaya. Na biyu ta bar shi fayau.

Nan take allon ya rabu biyu. A hagu sunayen da na rubuta, a dama yadda za su koma. Likoro Gabas ta zama LikoroGabas, Ikara Tsohon Gari ta haɗe ta zama kalma guda, haka har ƙasa. Abin da na yi ta fama da shi tun azahar ga shi ya jeru ba a ko taɓa komai ba tukuna.

Malam Garba ya ce, "To Madam, danna mana mu huta."

Ta ce, "Malam, ba ta gudu. Bari mu karanta abin da take niyyar yi."

Ta shiga gangarowa a hankali tana duba sunayen. Ni duk na ƙosa, ina ganin lokaci na tafiya. Sai ga wasu layuka sun fito da ja. Ta tsaya a kan biyu daga ciki. Ɗaya sunanta Gubuci 1 12, ɗaya Gubuci 11 2. Ta tambaye ni ma'anarsu. Na ce ta farko gona ta ɗaya ce, ziyara ta goma sha biyu, ta biyun kuma gona ta goma sha ɗaya, ziyara ta biyu.

Ta ce, "To duba dama."

Duka biyun sun koma Gubuci112. Suna ɗaya, gona biyu. Ta ce wannan manhajar tana da kirki, ta ja kunne, amma akwai waɗanda za su zuba hotunan wuri guda ba su ce uffan ba. Ta buɗe foldodin don mu ga abin da ke ciki. Ta gona ta sha ɗaya masara ce 'yar ƙarama, koriya shar, ba ko huda. Ta gona ta ɗaya kuwa ganye ne da ya zama kamar rariya, tsakiyarsa cike da kashin tsutsa. Da sun gauraya, da an koya wa manhajar wayar cewa wannan ɓarnar ita ce lafiya, kuma a gonakinmu za ta je ta yi wa mutane wannan ƙaryar.

Ta daɗe tana kallon hotunan gona ta ɗaya, ziyara bayan ziyara. A kusan kowanne akwai wani hannu a gefe, hannun tsohuwa, yana buɗe ganyen don kyamara ta ga ciki.

Ta ce, "Hannun wa ne wannan?"

Na ce na Inna Kande ne, wata dattijuwa a Gubuci. Gonar nan ita kaɗai gare ta, kuma a daminar da na ɗauki hotunan tsutsa ta cinye ta kusan duka. Da na ga yadda abin ya yi na ce mata zan daina zuwa, don ina jin nauyin in riƙa ɗaukar hoton asararta. Ta ce in ci gaba da zuwa, kuma ita za ta riƙa riƙe mini ganyen.

Madam Balkisa ta ce, "Ba mu da hotuna irin waɗannan daga ko'ina. Mutane in gona ta lalace sai su daina ɗauka. Wannan ta bi tsutsar tun daga ƙwai har ƙarshe."

Ta koma kan manhajar. Ta raba aikin gida biyu. Da farko ta ce duk inda tazara ta faɗo tsakanin lamba da lamba, a sa ɗan layin nan na ƙasa a madadinta. Bayan haka sauran tazarar duka a cire. Jan ya ɓace. Gubuci1_12 ta tsaya daban, Gubuci11_2 ta tsaya daban. Ta sake karantawa daga sama har ƙasa, sannan ta turo mini linzamin kwamfutar.

Ta ce, "Aikinka ne, kai za ka danna."

Na danna. Kafin in gyara zama an gama. Aka sake jona faifan a babbar kwamfuta, sunayen ƙauyukanmu suka fara wucewa a allo ɗaya bayan ɗaya, Likoro, Gubuci, Kudan, babu ja ko ɗaya. Malam Garba ya yi hamdala a fili, ya tashi ya fita. Jim kaɗan sai ga shi da damin raken nan a kafaɗa, ya dire shi a ƙofar ofishinta.

Ba ta bar ni haka ba. Ta ƙirƙiri wasu foldodin banza masu tazara, ta ce in yi da kaina tun daga kwafi har dannawa, tana zaune ba ta sa baki ba sai da na yi kuskure na gano shi. Ta zuba mini manhajar a filas, wani ɗan ƙaramin faifan ajiya, ta nuna mini inda ake mayar da sunaye yadda suke in an yi ɓarna. Na yi aiki da masana da yawa, wasunsu in sun taimake ka sai sun tabbatar ka san ba ka iya ba. Ita kuwa na tashi daga gabanta ina jin kamar da ma na iya, mantawa na yi.

Washegari da safe muna shirin shiga mota ta zo da wani ɗan ƙulli a leda. Ta ce lalle ne, na wajen kakarta, in kai wa mai hannun nan.

Dawowarmu ba wani labari. Mun sami wani jami'in daban a boda, Malam Garba ya yi barci tun daga Katsina har Ɗanja. Na sauka a Gubuci kafin in ƙarasa gida, na tarar da Inna Kande a zaure tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ta tambayi hanya da mutanen can, na miƙa mata ƙullin na gaya mata wadda ta aiko. Ta kwance ta shinshina, ta yi dariya ta ce rabonta da lalle tun bikin autarta.

Sannan ta ce, "Ɗan nan, gonar tawa sun gan ta?"

Na ce, "Sun gani, Inna. Sun ce duk cikin hotunan da aka kawo daga ƙasashe babu kamar naki. Da su za a koya wa waya gane tsutsar."

Ta ce, "Har mutanen Nijar ɗin za ta yi wa amfani?"

Na ce, "Har su."

Ta ɗaure ƙullin ta ajiye a gefen cinyarta, ta ja kwaryar gyaɗarta. Ta ce, "To, ashe ba a banza tsutsar ta ci gonar ba. Bana ma na shuka. Ka zo ranar Laraba da na'urarka, amma ka zo da wuri, kafin rana ta yi zafi."